Matsi, Kwarara da Turjiya: Me Ya Sa Ya Kamata a Koyar da Lissafin Lantarki da Hausa

Kalmar "wuta" tana cikin kalmomin da Hausa ta ɗora wa kaya mai yawa. Da ita ake kiran ta murhu da ta daji, da lantarki ya shigo kuma aka ƙara ɗora mata shi. Mutumin Maraɗi ko na Katsina ko na zangon Kumasi zai ce "yau wuta ba ta da ƙarfi", ko "wuta ta yi yawa ta ƙone firji", ko "wannan dutsen guga yana jan wuta", ko "hitar nan tana cin wuta", ko kuma "wuta ta ja yaro". Duk wanda ya ji ya fahimta, kuma babu kuskuren nahawu ko ɗaya a ciki. Amma a wurin mai lissafi, jimlolin nan ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Biyun farko sun shafi abin da ake aunawa da bolt, ta uku da ta biyar sun shafi wanda ake aunawa da amfiya, ta huɗu kuwa ta shafi wanda mita take ƙirgawa ake biyan kuɗinsa.

Matuƙar hira ake yi, tara su a kalma ɗaya ba ya cutar da kowa. Cutar tana zuwa ne ranar da aka je sayen waya ko batir ko janareta, domin kuskure a nan yana cin kuɗi, wani lokaci ya ci gida, wani lokaci ma ya ci rai. Ra'ayin da wannan rubutu yake tsaye a kai shi ne, lissafin da ke fitar da turjiya da ƙarfin aiki daga bolt da amfiya bai wuce ninkawa da rabawa ba, kuma ya kamata a koyar da shi da Hausa a aji da wurin koyon sana'a da gidan rediyo. Sharaɗin farko na yin haka shi ne kowane abu ya sami sunansa na kansa, wannan kuwa aikin ɗaliban harshe ne kafin ya zama na injiniyoyi.

Abubuwa huɗu da sunayensu

Misalin da ya fi kusa da ido shi ne tankin ruwa da aka ɗora a kan hasumiya, aka jawo bututu daga gare shi zuwa famfo. Gwargwadon tsawon hasumiyar, gwargwadon yadda ruwa yake danno bakin famfo. Wannan dannowar ita ce za a kira matsi a nan. A lantarki ana auna matsi da bolt, sunan da aka ɗauko daga Alessandro Volta, ɗan Italiya wanda ya ƙera batir na farko a shekarar 1800. Da yake Hausa ba ta da harafin farko na sunansa, sai baki ya mayar da shi "b". Batirin tocila yana da bolt 1.5, na mota yana da 12, wutar gida kuwa a Nijar da Kamaru da Chadi bolt 220 ce, a Nijeriya da Gana 230. Matsi yana nan ko da an rufe famfo, haka nan soket yana ɗauke da bolt ɗinsa ko ba a sanya masa kome ba.

Abu na biyu shi ne yawan ruwan da yake wucewa ta bututun a kowace daƙiƙa, wato kwarara. Ana auna kwararar lantarki da amfiya, daga sunan André-Marie Ampère, masanin Faransa. Babu kwarara sai an buɗe hanya.

Na uku shi ne ƙuncin bututun. Bututu siriri mai tsawo yana wahalar da ruwa, mai faɗi kuma gajere yana barinsa ya wuce cikin sauƙi. Kalmar da ta dace da wannan ita ce turjiya, daga aikatau "turje", irin yadda rago yake kafe ƙafafu idan ana jansa zuwa kasuwa. Ba ya hana tafiya ƙwata-ƙwata, sai dai ba a tafiya da shi sai an sha wuya, kuma haka waya take yi wa lantarki. Ma'auninta om ne, ana rubuta shi da harafin Girkanci Ω. Jan ƙarfe yana da ƙarancin turjiya, shi ya sa ake yin waya da shi. Roba tana da turjiya mai tsananin yawa, shi ya sa ake lulluɓe wayar da ita.

Na huɗu shi ne ƙarfin aiki, wato yawan aikin da lantarki yake yi a kowace daƙiƙa, ko ya zama zafi ko haske ko juyin fanka. Ana auna shi da wat, daga sunan James Watt, mutumin Sukotilan da ya inganta injin tururi. Wat dubu shi ne kilowat ɗaya. An ƙara kalmar "aiki" da gangan, domin "ƙarfi" tsurarsa ita ce ta jawo ruɗanin tun farko: wanda ya ce wuta ba ta da ƙarfi matsi yake nufi, wanda ya ce janareta ba shi da ƙarfi kuwa wat yake nufi.

Dokar Om da bakin Hausa

Georg Simon Ohm malamin makaranta ne Bajamushe, an haife shi a 1789, ya rasu a 1854. Yana koyar da lissafi a birnin Kolon ya yi gwaje-gwajensa da wayoyi masu tsawo da kauri dabam-dabam, ya buga sakamakon a 1827. Masana ƙasarsa ba su karɓi aikin hannu bibbiyu ba da farko, sai a 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Landan ta ba shi lambar girmamawa. Abin da ya gano yana shiga jimlar Hausa ɗaya: matsi daidai yake da kwarara sau turjiya. A makarantun Nijeriya da Gana ana rubuta V = I × R, a na Nijar da Chadi da sauran masu bin tsarin Faransa ana rubuta U = R × I. Harafi ne kawai ya bambanta, dokar ɗaya ce.

Daga jimlar nan ake fitar da wasu biyu. Turjiya ita ce matsi a raba da kwarara, R = V ÷ I. Kwarara ita ce matsi a raba da turjiya, I = V ÷ R. Wanda ya san biyu daga cikin ukun ya san na ukun.

A ɗauki dutsen guga da aka sanya a soket mai bolt 220, aka auna aka ga yana jan amfiya 5. Turjiyarsa ita ce 220 ÷ 5, wato om 44. Lambar nan ta ƙarfen da ke cikin dutsen ce, tana tare da shi duk inda aka kai shi. Idan aka kai shi inda matsi ya faɗi zuwa bolt 110, kwararar za ta zama 110 ÷ 44, wato amfiya 2.5. Ke nan soket ba ya tura wa kowane kaya kwarara iri ɗaya. Soket yana ba da matsi, kayan kuma da turjiyarsa yake yanke abin da zai ja.

Ƙarfin aiki shi ma jimla ɗaya ce: matsi sau kwarara, P = V × I. Dutsen gugan nan yana aiki da 220 × 5, wato wat 1,100. Idan aka haɗa wannan da dokar Om sai a sami hanyoyi biyu na ƙari. Ta farko, a ninka kwarara da kanta sannan a ninka da turjiya, P = I × I × R; a misalin nan 5 × 5 × 44 ya ba da 1,100. Ta biyu, a ninka matsi da kansa sannan a raba da turjiya, P = V × V ÷ R; wato 48,400 ÷ 44, shi ma 1,100. Kowace hanya aka bi a gida ɗaya ake sauka, wannan kuma hanya ce ta tabbatar da cewa ba a yi kuskure ba. James Joule na Ingila shi ne ya nuna a farkon shekarun 1840 cewa zafin da waya take fitarwa yana bin kwarara da aka ninka da kanta.

Ana iya bin lissafin ta baya. Kwan fitila irin na da, mai zare a ciki, wanda aka rubuta wa wat 100 da bolt 220, yana jan 100 ÷ 220, kusan amfiya 0.45, turjiyarsa kuma 48,400 ÷ 100, wato om 484. Sai dai wannan turjiyarsa ce lokacin da yake ci. Idan aka auna shi a sanyi za a tarar ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na hakan ba, domin turjiyar ƙarfe tana ƙaruwa da zafi. Shi ya sa irin kwan nan ya fi mutuwa a daidai lokacin da aka kunna shi, sa'ad da zaren yake da sanyi kwarara mai yawa ta afka masa.

Saura abin da mita take ƙirgawa, wato makamashi: ƙarfin aiki sau lokaci. Dutsen guga mai wat 1,100 da ya yi awa biyu yana aiki ba tsayawa ya ci kilowat-awa 2.2. Kwan fitila mai wat 100 da ake kunnawa awa shida kullum yana cin kilowat-awa 18 a kwana talatin, sabon kwai mai wat 10 kuwa 1.8 zai ci a wannan lokacin. Iyakar lissafin ke nan, kuma yaron da ya iya ninkawa da rabawa ya iya shi.

Inda rashin lissafi yake cizo

Muhimmancin abin yana cikin "ninka da kanta" ɗin nan, domin hankali bai saba da shi ba. Mutum yana zaton idan abu ya ninka sau biyu sakamakonsa ma sau biyu zai ninka, alhali a lantarki sau huɗu ne. Hitar da aka yi domin ƙasar da wutar gida take tsakanin bolt 110 da 120, kamar Amurka, idan tana da wat 550 a bolt 110, turjiyarta om 22 ce. Aka sanya ta a bolt 220 za ta ja amfiya 10, ta yi aiki da wat 2,200, ninki huɗu na abin da aka ƙera ta ta ɗauka, ƙonewarta kuwa ba ta ɗaukar lokaci. Mai sayen kayan gwanjo da ya san wannan ba zai bar shago ba sai ya duba bolt ɗin da aka rubuta a bayan kayan.

Haka abin yake idan matsi ya faɗi. Dutsen guga mai om 44 a bolt 180 yana ba da 32,400 ÷ 44, kusan wat 736. Matsi bai rasa ko kashi ɗaya cikin biyar ba, amma zafin ya rasa kashi ɗaya cikin uku. Kayan da ke da injin juyawa a ciki, kamar firji da injin jan ruwa, halinsu ya fi muni, domin nauyin da suke ɗauka bai ragu ba, sai su ƙara jan kwarara su yi zafi, wani lokaci injin ya kasa tashi ya tsaya yana ƙonewa. Mai gida da ya kashe firji idan ya ga fitila ta yi ja-ja ya yi daidai, ko da bai san dalili ba.

Misalin da ya fi kowanne haɗari shi ne doguwar waya mai soket da yawa. A ce an sanya mata dutsen guga mai wat 1,100, da butar dafa ruwa mai 2,200, da hita mai 1,100. Jimla wat 4,400, a raba da 220, amfiya 20 ke nan. Soket irin na Ingila da ake amfani da shi a Nijeriya da Gana an yi shi domin amfiya 13, irin na Faransa domin 16, wasu dogayen wayoyin ma 10 aka rubuta musu. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1.5 da tsawon mita 10, zuwa da dawowa, tana da turjiya kusan om 0.24. Da amfiya 5, zafin da take fitarwa 5 × 5 × 0.24 ne, wato wat 6, ba a ko jinsa. Da amfiya 20 kuwa 20 × 20 × 0.24 ne, wat 96. Kwarara ta ninka sau huɗu, zafi ya ninka sau goma sha shida, a cikin wayar da wataƙila tana naɗe a ƙarƙashin tabarma ko bayan labule. Idan kuma wayar ta jabu ce, siririya, ko aka yi ta da ƙarfen da bai kai jan ƙarfe ba, turjiyar ta ƙaru, zafin ma ya ƙaru. Araha ba ta ado.

Mahaɗar da ba ta ɗauru sosai ba ita ma haka take. Idan tsatsa ko sakwarkwacewa ta sa turjiyar wurin ta kai rabin om, amfiya 10 za ta fitar da wat 50 a wurin da bai fi ƙwayar wake girma ba, nan take roba ta fara narkewa. Fiyus an yi shi ne siriri da gangan domin ya tsinke kafin wayar gida ta yi zafi. Wanda ya maye gurbinsa da waya mai kauri don ya huta da canji ya cire mai gadin ne, ya bar wa wayar bango aikin tsinkewa.

Sai lantarkin hasken rana, wanda a yau ya shiga ƙauyukan da turakun wuta ba su kai ba. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa amfiya-awa 100 yana riƙe da 12 × 100, wato wat-awa 1,200. Batir irin na dalma ba ya daɗewa idan ana zuƙe shi fiye da rabi, saboda haka abin da ake da shi na amfani kusan 600 ne. Talabijin mai wat 60 da fanka mai 50 da ƙwai huɗu masu wat 10 kowanne sun tashi wat 150. A raba 600 da 150, awa huɗu ke nan, ba a ma cire abin da inbata take ci ba. Mutumin da aka ce masa batirin zai kwana da shi, ya ga ya mutu bayan 'yan watanni, zai zargi ɗan kasuwa ko kamfani, alhali lissafin minti biyu ya isa ya gaya masa gaskiya kafin ya biya. Haka kuma, kaya mai wat 1,200 yana jan ƙasa da amfiya 6 a bolt 220, amma daga batir mai bolt 12 amfiya 100 zai ja. Dalilin da ya sa wayar batir take da kauri kamar yatsa ke nan, kuma wanda ya haɗa batir da inbata da wayar fitila ya shirya gobara.

Wannan dalilin ne dai ya sa ake ɗaga matsi idan za a kai lantarki nesa. Idan aka ninka matsi sau goma, kwararar da ake bukata domin ƙarfin aiki iri ɗaya ta ragu sau goma, asarar da ake yi a zafin waya ta ragu sau ɗari. Manyan layukan Nijeriya suna ɗauke da bolt 330,000, layin da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai kuma 132,000. Taransifoma ce take sauko da shi mataki-mataki har ya iso gida.

Jikin mutum ma yana bin dokar. Busasshiyar fata tana iya kai turjiyar om 100,000, jiƙaƙƙiya kuwa tana iya faɗuwa zuwa om 1,000. A bolt 220, ta farko tana barin kusan kashi biyu cikin dubu na amfiya ya wuce, mutum ya ji an fizge shi ya janye. Ta biyu tana barin amfiya 0.22, ninki ɗari na wancan, alhali na'urar kare rai da ake sa wa gidaje an saita ta ta yanke wuta a amfiya 0.03. Soket ɗin bai canza ba, jikin ne ya canza. Wanda ya tsoma hannu a bokiti don ya ji ko ruwa ya yi zafi, hita tana ciki a kunne, ƙafarsa kuma tana kan jiƙaƙƙen siminti, ya sa kansa a lissafi na biyu.

Lissafin yana da iyaka, ya kamata a faɗe ta. Wutar gida tana kai da komowa sau hamsin a daƙiƙa. Ga kayan zafi irin su hita da dutsen guga, matsi sau kwarara yana ba da wat daidai. Ga masu injin juyawa, wat na haƙiƙa yana ƙasa da abin da ninkawar ta bayar, shi ya sa ake rubuta wa janareta bolt-amfiya, kuma firji yana jan ninkin abin da ya saba ja sau da dama a lokacin tashi. Wannan darasi ne na gaba, amma ba ya shiga kan wanda bai rarrabe abubuwa huɗun farko ba.

Abin da masu ja suke cewa

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce, alamomin lissafi na duniya ne, jarrabawa kuma da Turanci ko Faransanci ake yin ta, saboda haka fassara ɓata lokaci ce. Gaskiya ne alamomin ba sa bukatar fassara, kuma babu mai cewa a taɓa su. Abin da ke bukatar harshe shi ne jimlar da ke bayan alamar. Ɗalibi yana iya haddace V = I × R ya ci jarrabawa, ya koma gida ya tara hita da dutsen guga a soket ɗaya, domin haruffan ba su taɓa haɗuwa da kayan ɗakinsu a cikin kansa ba. Wanda ya gane da harshen da yake tunani da shi, canza masa sunaye zuwa wani harshe aikin yini ɗaya ne. Ban da haka, da yawa daga masu jan waya da masu haɗa sola a garuruwa da ƙauyuka a wurin maigida suka koyi aikin, da Hausa, ba jarrabawar da take jiransu. Su ne hannunsu yake kan wayar.

Hujja ta biyu ita ce, masu sana'a suna da kalmominsu na aro, suna kuma aiki da su lafiya. Aron ba laifi ba ne, amma a nan ya shigo da ruɗaninsa. A Nijeriya idan fitila ta dushe ana cewa "lo karent", ma'anarsa ƙarancin kwarara, alhali matsi ne ya faɗi. A Nijar "kuran" ta fito daga kalmar Faransanci mai nufin kwarara, amma ta zama sunan lantarki gaba ɗaya. Wanda ya taso da waɗannan, ranar da aka ce masa firji yana ƙara jan kwarara idan matsi ya faɗi, zai ji kamar an ce masa abu yana ƙaruwa saboda ya ragu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi: kalmomin da ake ƙirƙira a ofis sau da yawa ba sa kama baki, kuma idan kowane marubuci ya fito da nasa, na Kano dabam na Damagaram dabam, ruɗanin zai ƙaru. Wannan tsoro yana kan hanya. Maganinsa shi ne a raba aikin gida biyu. Sunayen ma'auni, wato bolt da amfiya da om da wat, a are su yadda suke, kamar yadda Hausa ta ari awa da minti da kilo, ta kuma ari ashirin da talatin daga Larabci tun da daɗewa. Su ne aka buga a jikin kaya, sauya su zai raba mutum da abin da idonsa yake gani. Sunayen abubuwan da ake aunawa kuwa a ɗauko su daga kalmomin da kowa ya riga ya sani, waɗanda suke ɗauke da ma'anarsu a jikinsu. Matsi da kwarara da turjiya ba a ƙirƙire su ba, tsofaffin kalmomi ne aka ba su sabon aiki, kuma mutumin Agadas da na Garwa duk sun san su. Idan wani ya zo da waɗanda suka fi su, a karɓa. Abin da bai kamata a sassauta a kai ba shi ne abubuwa huɗu su kasance da sunaye huɗu, kuma a tsaya a kansu a littafi da rediyo.

Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Littafin Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam ya yi bayanin halittu da al'amuran duniya da Hausa tun kafin samun mulkin kai, ya kuma karantu. A Nijar an fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida tun shekarun 1970, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Matsayi irin wannan yana zuwa da bashi, domin harshen da ake so ya riƙe makaranta dole ya iya faɗin dalilin da ya sa waya take zafi.

Aikin da ke gaban ɗalibin Hausa

Ɗalibin Hausa na yau shi ne gobe zai fassara takardar gargaɗi, ya rubuta littafin aji, ya gabatar da shirin rediyo. Idan ya fassara matsi da kwarara da ƙarfin aiki duk da "ƙarfin wuta", jimlarsa za ta yi daɗin ji, amma mai karatu ba zai iya lissafa kome da ita ba, kuma ba zai san an rage masa wani abu ba. Akwai ƙananan abubuwa ma da ke bukatar kula: mai tsarin Ingila yana rubuta 0.45 da ɗigo, mai tsarin Faransa yana rubuta 0,45 da waƙafi, saboda haka rubutun da zai tsallaka iyaka ya kamata ya bayyana wanda ya bi. Haka kuma a kiyaye jinsi domin jimla ta fita sarai: matsi ya faɗi, kwarara ta ƙaru, turjiya ta ragu.

Gwajin da kowa zai iya yi ba ya bukatar ɗakin bincike. A bayan kowane dutsen guga da fanka da cajar waya akwai ɗan rubutu mai ɗauke da bolt da wat, ko bolt da amfiya. Ɗalibi ya ɗauki guda, ya fitar da lambar da ba a rubuta ba, sannan ya bayyana wa wanda bai yi boko ba yadda ya same ta, da Hausa tsantsa, ba tare da ya fake da kalmar "wuta" ba. Inda ya yi tuntuɓe, nan ne harshen yake bukatar aiki, kuma ya dace ya rubuta wurin ya kai wa malaminsa da abokan karatunsa a tattauna.